Ɗan Aike ko Jakada? Nazarin Matsayin Airis da Harmis a Waƙoƙin Homa

1.0 Gabatarwa

Waƙoƙin jarunta biyu da ake dangantawa ga Homa, wato Iliyad da Odisi, su ne mafi daɗewa daga cikin abin da ya tsira na adabin Girkawa. Yawancin manazarta na ganin an tsara su ne a wajajen ƙarni na 8 ko na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Kowacce tana da babi 24. A cikinsu duka, ababen bautar Girkawa na zaune ne a kan dutsen Olimfus ƙarƙashin shugabansu Ziyus, kuma umurninsa na isa ga waɗanda ya shafa ta bakin masu kai saƙo biyu: Airis, wadda mace ce, da Harmis.

Hausa ta bambanta ɗan aike da jakada. Ɗan aike yakan faɗi abin da aka ce ya faɗa ya juya. Jakada kuwa yakan auna wanda aka aike shi gare shi, ya san inda zai sassauta da inda zai tsananta. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa masu kai saƙon Ziyus jakadu ne, kuma hikimar mawaƙin ta fi fitowa a ɗan abin da suka ƙara ko suka rage a cikin saƙo.

2.0 Maimaita Saƙo

Sanannen abu ne a salon Homa cewa idan aka ba da saƙo, mai kai shi yakan maimaita shi kusan kalma da kalma. Binciken Milman Parry, musamman wanda ya gudanar tsakanin mawaƙan baka na tsohuwar Yugoslabiya daga 1933 zuwa 1935, ya nuna cewa irin wannan maimaici dabara ce ta mawaƙin da ke tsara waƙa a lokacin da yake rera ta. Sai dai wannan bayani bai ƙare zancen ba. Tun da mai sauraro ya saba jin saƙo sau biyu ba sauyi, duk inda aka sami sauyi kunnensa zai kama. Ke nan maimaicin ya zama ma'auni.

3.0 Airis a Iliyad

A babi na 15, Ziyus ya aiki Airis ta gaya wa ƙanensa Fosidon, mai mulkin teku, ya fita daga fagen yaƙin Turoyi. Ta isar da saƙon yadda aka ba ta. Fosidon ya harzuƙa, ya tuna mata cewa ƙuri'a aka jefa tsakanin 'yan'uwa uku aka raba mulki, don haka shi ba bawan Ziyus ba ne. Da ɗan aike ce, da sai ta ɗauki wannan amsa ta koma. Maimakon haka sai ta tambaye shi ko lalle wannan kakkausar magana yake so ta kai, ta kuma tuna masa haƙƙin da wa ke da shi a kan ƙane. Fosidon ya yaba da hankalinta, ya janye. Abin lura a nan shi ne, barazanar Ziyus ba ta sa shi ya janye ba. Tambayar Airis ce ta buɗe masa ƙofar da zai fita ba tare da ya zubar da girmansa ba.

4.0 Harmis da Sarki Firiyam

Babi na 24 ya fi kowane nuna wannan matsayi. Akilis ya kashe Hekta, ɗan Sarki Firiyam na Turoyi, yana ta wulaƙanta gawarsa. Wasu daga cikin ababen bauta suka ba da shawarar Harmis, wanda ya shahara da sata, ya sato gawar. Ziyus ya ƙi, domin yana so Akilis ya mayar da ita da kansa. Sai aka tura Harmis ya yi wa tsohon sarkin jagora zuwa sansanin abokan gabarsa.

Ziyus bai ba Harmis wata magana da zai faɗa wa Firiyam ba. Rakiya kawai aka sa shi. Duk abin da ya faɗa nasa ne. Ya zo a siffar saurayi daga cikin mayaƙan Akilis, ya kira tsohon da uba, ya kwantar masa da hankali cewa gawar ɗansa ba ta ruɓe ba, ya sa masu gadi barci, ya buɗe ƙofa. Daga nan ya bayyana kansa, ya shawarce shi ya roƙi Akilis don girman mahaifinsa da mahaifiyarsa da ɗansa, sa'an nan ya tafi. Da Firiyam ya shiga, mahaifin kaɗai ya ambata, kuma wannan ne ya karya zuciyar Akilis har su biyu suka yi kuka. Jakada ya kai mutum bakin ƙofa, amma zaɓen kalmar da ta yi aiki na ɗan Adam ne.

5.0 Harmis a Odisi

A Odisi ba a ga Airis tana kai saƙo ba. Harmis ne ya ɗauki aikin. Wasu manazarta sun kafa hujja da wannan cewa mawaƙan biyu ne daban. Ko da haka ne, halin jakadan bai sauya ba. A babi na 5 an aike shi ga Kalifso, wadda ta riƙe Odisiyus shekara 7 a tsibirinta, da umurnin ta sake shi. Harmis ya fara da cewa ba da son ransa ya zo ba, bai ambaci sunan Odisiyus ba, ya kuma tsallake bayanin da Ziyus ya yi game da hanyar da zai bi. Sai da ta gama kokenta ta amince, sa'an nan ya rufe da gargaɗi a kan fushin Ziyus. Ita kuma da ta je wurin Odisiyus, ba ta ce an tilasta ta ba. Saƙo ɗaya ya ratsa baki uku, kowane baki ya rage abin da zai zubar masa da mutunci.

6.0 Kammalawa

Daga misalan da suka gabata an ga cewa ikon Ziyus a waƙoƙin Homa ba ya zartar da kansa. Yana buƙatar wanda zai mai da umurni ya zama abin da mai girman kai zai iya karɓa. Saboda haka, mai nazarin waɗannan waƙoƙi bai kamata ya tsallake wuraren da aka maimaita saƙo ba. Ya dace ya jera zancen mai aike da na jakada, ya duba inda suka saɓa, domin a nan mawaƙin ya ajiye abin da yake son faɗa game da mulki da biyayya.