Gandoki Ya Dawo, Su Wa Aka Bari a Bama?

Tun 1934 da Bello Kagara ya fitar da Gandoki, rubutun zubenmu ya iya jarumi. Gandoki yana sara, maza suna zuba, yara na saurare. Waɗanda suka zuba kuwa tuli ne kawai, babu suna, babu uwa, babu gona. Wannan gadon muka ɗauka: wanda ya dawo shi ke da labari.

A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi samari daga ƙauyukan Arewa, har da ƙasar Kano, aka zuba su a runduna ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Japan a Bama, wato Myanmar ta yau. Barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya daga can suka samo suna. An tuna filin daga da runduna, an mance da mutum. Ko a rajistar soja, sau da yawa sunan gari ne ya maye gurbin sunan uba.

Shi ya sa Burma Boy na Biyi Bandele, wanda ya fito a 2007, ya cancanci karatu. Marubucin haifaffen Kafanchan ne, mahaifinsa ya yi yaƙin. Ali Banana yaro ne da ya yi ƙarin shekaru don a ɗauke shi soja. Abokansa suna da tsoro, da barkwanci, da kewar gida, don haka idan ɗaya ya faɗi, mai karatu yakan ji an yi rashi.

Sai dai littafin da Turanci yake, kuma idonsa na kan daji, bai leƙa gidan da ake jira ba. A karkarar Bichi, Ɗambatta da Minjibir, inda gona ke jingine da gona, rashin saurayi ɗaya giɓi ne a gandu. Wa ya nome kason sa? Yaushe matarsa ta shiga takaba, alhali ba ta ga gawa ba? Wane suna aka raɗa wa ɗan da aka haifa a bayansa?

Wannan littafin ba a rubuta shi da Hausa ba tukuna. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin iyayensu suna ƙarewa. Marubutanmu su je su tambaya tun da sauran mai amsawa.