Tallan da Na'ura Ke Rubutawa

A ƙarshen watan Fabrairun 2024, iyaye a birnin Glasgow na Sikotland suka kwashi 'ya'yansu zuwa wani bikin yara da aka yi ta tallatawa a intanet da sunan Willy's Chocolate Experience. Kuɗin shiga ya kai fam 35. Shafin tallan cike yake da hotunan lambunan alawa da kalamai masu tsinka yawu. Da suka isa, sai suka tarar da wani ƙaton sito kusan fayau, an ɗan jefa kayan ado nan da can, abin da aka miƙa wa yara kuma bai wuce 'yan ƙwayoyin alawa da kurɓin lemo ba. Yara suka ɓarke da kuka, iyaye suka harzuƙa, aka kira 'yan sanda, aka rufe wurin tun ranar farko. Hotunan tallan na'ura ce ta zana su, har da wasu kalmomi a jikinsu da babu su a Turanci. 'Yan wasan da aka ɗauko don su nishaɗantar da yaran ma sun ce takardun da aka ba su su haddace aikin na'ura ne.

Labarin ya zaga duniya saboda muninsa, amma ya fallasa wani abu da ya zama ruwan dare. A yau mutum zai iya haɗa cikakken talla cikin 'yan mintuna, kusan kyauta, tun kafin ya mallaki hajar da yake tallatawa.

Sana'ar rubuta talla da na'ura ta girmi manhajar ChatGPT. Tun 2018 kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ya fito da manhajar rubuta bayanin kaya ga 'yan kasuwar da ke shafukansa, ya ce tana iya fitar da layi 20,000 a daƙiƙa guda. A 2019 bankin JPMorgan Chase na Amurka ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin Persado domin na'ura ta riƙa tsara masa kalaman talla. Bayan fitowar manhajar GPT-3 a 2020, ƙananan kamfanoni irin su Copy.ai da Jasper suka gina kasuwancinsu a kanta. A watan Oktoban 2022 Jasper ya samu jarin dala miliyan 125, aka kimanta darajarsa a dala biliyan 1.5. 'Yan makonni bayan haka, ranar 30 ga Nuwamba, kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT kyauta ga kowa, a tsakiyar shekarar da ta biyo baya kuma Jasper ya fara sallamar ma'aikata. Amazon ya ba masu sayarwa a shafinsa irin wannan manhaja a 2023. A watan Afrilun 2024 kuwa manhajar Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya, wato ta sauka a tsakiyar wurin da dubban mata da matasa ke baje kolinsu kowace safiya.

Duk wanda ya karanta irin wannan rubutu guda goma zai gane na goma sha ɗaya. Yana buɗewa da tambaya: ka gaji da kaza? Sai ya zuzuta damuwar, sai ya gabatar da hajar a matsayin mafita, sai ya jero amfani uku, kowanne da ɗan hoton tauraro ko wuta a gefensa, sai ya rufe da umarnin a saya yanzu kafin kaya su ƙare. Wannan tsari ba na'ura ce ta ƙirƙiro shi ba. Tsohon darasi ne na masu talla a Amurka, wanda ake jingina asalinsa ga E. St. Elmo Lewis a ƙarshen ƙarni na 19: a ja hankali, a tayar da sha'awa, a kunna kwaɗayi, a tura mutum ya biya. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun koyi rubutu ne daga tarin abin da ke intanet, aikinsu kuma shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Idan aka ce su rubuta talla, sai su kawo tsaka-tsakin duk tallan da suka taɓa gani. Jimlolin sumul suke, nahawun babu tuntuɓe, sai dai bayanin da suka yi wa man shafawa zai zauna daram a kan takalmi ko tukunyar gas idan aka sauya suna kawai.

Nan ne babbar tawayar wannan salo. Amfanin talla shi ne ya raba haja da sauran 'yan'uwanta a kasuwa, na'urar kuwa an gina ta ne ta faɗi abin da aka fi yawan faɗa.

Adalci ne a ambaci inda ta yi rana. Persado ya ce a gwajin da aka yi da Chase, wasu kalaman da na'ura ta tsara sun ƙara yawan masu latsa talla da kashi 450 cikin 100 a kan na ma'aikatan bankin. Adadin daga bakin mai sayar da manhajar ya fito, don haka a riƙe shi da hannu biyu, amma yadda aka yi aikin yana da ma'ana. Bankin ya san bashin da yake bayarwa da sharuɗɗansa, yana da lauyoyin da ke duba kowace jimla, kuma yana auna wace ce ta fi tasiri a kan ɗimbin abokan hulɗarsa. Na'ura ta kawo zaɓi ne kawai, mutane suka tace. Kamfanin Klarna na Suwidin ma ya ce a 2024 ya rage kimanin dala miliyan 10 a shekara daga kuɗin talla ta wannan hanya, wanda a ɗaya ɓangaren yana nufin aikin da ya kuɓuce wa masu zane da kamfanonin talla. Ga ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ribar a fili take. Mai ɗinkin huluna da ke son sayarwa ga mutanen Legas ko Landan, amma Turancinsa bai nuna ba, yanzu zai iya rubuta bayanin kayansa ba tare da ya roƙi kowa ba. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma bai kamata a raina shi ba.

Matsala tana farawa ne a inda babu mai dubawa. A watan Janairun 2024 aka gano kayayyaki a shafin Amazon, ciki har da kujeru da durowa, waɗanda sunansu shi ne jimlar ban haƙurin da manhaja ke rubutawa idan ta ƙi yin aiki, tana cewa buƙatar ta saɓa wa ƙa'idojin OpenAI. Masu kayan sun haɗa manhajar da shagonsu kai tsaye, babu wanda ya karanta ko da kanun. Kafin nan, a Nuwamban 2023, shafin Futurism ya bankaɗo cewa mujallar Sports Illustrated ta wallafa sharhin kayayyaki da sunayen marubutan da babu su a duniya, da hotunan fuskokin da na'ura ta ƙera. Mujallar ta ɗora laifin a kan wani kamfanin da ta ba kwangila.

Mafi muni shi ne shaidar zur. Mai saye a intanet ba ya taɓa kaya da hannunsa, don haka yana dogara da abin da waɗanda suka riga shi saye suka ce. A watan Satumban 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta tuhumi kamfanin Rytr da cewa manhajarsa tana rubuta wa mutane yabon kaya da cikakkun bayanan da ba su da alaƙa da abin da aka shigar mata, kuma wasu masu amfani da ita sun fitar da irin wannan yabo ɗaruruwa, wasu dubbai. A shekarar ce hukumar ta kafa dokar hana sharhin bogi, da tarar da ta haura dala 50,000 a kan kowane laifi. Google ma a watan Maris na 2024 ya sauya tsarin bincikensa don ya danne shafukan da ake cikawa da rubutu barkatai domin jan masu ziyara, ya ce yana sa ran rage irinsu da kashi 40 cikin 100. Araha ba ta ado, kuma kalmomin da suka yi araha har haka sun fara zubar da darajar duk wani yabo da aka gani a rubuce, har da na gaskiya.

A ƙasar Hausa lamarin yana da wata fuska ta daban, domin tallanmu da baki ya ginu. Akwai kiran 'yan talla a lunguna, da kirarin da mai haja ke yi wa hajarsa, da shelar sanƙira, da tallan rediyo da ake shiryawa kamar ɗan gajeren wasan kwaikwayo, inda maƙwabciya ke tambayar maƙwabciya inda ta samo atamfarta, a rufe da kwatancen shago da "sai kun zo". Shi ma wannan salo yana da tsofaffin jimlolinsa da ake maimaitawa, irin su "sayen nagari mayar da kuɗi gida", yana kuma da nasa zuƙi-ta-malle. Amma kusan duk wannan dukiya ba a rubuta ta ba, don haka na'ura ba ta karanta ta ba. Hausar da ta samu a intanet kaɗan ce idan aka kwatanta da Turanci, kuma kaso mai yawa labarai ne da fassara. Shi ya sa idan ta rubuta talla da Hausa, ƙashin bayansa na Amurka ne: babu sallama, babu gaisuwa, sai tambayar da ke tsokano damuwa da umarnin gaggawa. Bahaushe kuwa ya saba da ciniki mai numfashi, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a nemi gyara. Wanda ya faɗa masa ya biya cikin minti biyar ko ya rasa, ya fi kama da ɗan damfara a kunnensa.

Matar da ke saka hotunan leshi da shadda a WhatsApp magajiyar dillaliya ce, wadda ke shiga gida-gida da ƙullin kaya. Jarin dillaliya shi ne za ta dawo gidan nan mako mai zuwa, kuma idan atamfar da ta rantse ba ta zuba ta zuba a wankin farko, za a tare ta da maganar. Abin da mai saye ke son ji ke nan har yau: yadi nawa ne, turmin cikakke ne ko an rage, daga Kantin Kwari aka saro ko daga Kwatano, launin da ke hoto shi ne na zahiri, nawa ne kuɗin mota zuwa Gusau. Na'ura ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan aka ba ta su, za ta jera su da kyau. Idan ba a ba ta ba, sau da yawa ba za ta tsaya tambaya ba, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya: auduga zalla, ba ya koɗewa, an gwada an tabbatar. Mai kayan da ta kwafa ta liƙa ba tare da ta karanta ba ta ɗauki alkawarin da ba ta san ta ɗauka ba.

A kan tufafi asarar kuɗi ce. A kan magani kuwa rai ne. Tun kafin zuwan waɗannan manhajoji, masu maganin gargajiya da lasifika a kan mota suna iƙirarin kwalba ɗaya na warkar da basir da shawara da ciwon suga. Yanzu mai irin wannan iƙirari zai iya samun rubutu mai kama da na likita, da sunayen sinadarai da salon asibiti, wanda zai fi ruɗar mai karatu fiye da ihun lasifika. Manyan manhajojin sukan ƙi rubuta wasu iƙirarin lafiya, amma wannan shinge ba abin dogaro ba ne, balle a harshen da ba su ƙware a kansa ba.

Wa ke da alhakin abin da na'ura ta faɗa? Wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta amsa a watan Fabrairun 2024. Manhajar amsa tambayoyi ta kamfanin jiragen Air Canada ta gaya wa wani fasinja da kakarsa ta rasu cewa zai iya neman rangwamen masu zuwa jana'iza bayan ya yi tafiyar, alhali ƙa'idar kamfanin ba haka ta ce ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa manhajar ita ke da alhakin kalamanta. Kotun ta yi watsi da wannan hujja, ta umarce shi ya biya. Hukuncin daidai ne, kuma shi ne ma'aunin da ya dace da kowane shago, babba ko ƙarami.

A Najeriya doka ta tanadi wani abu makamancin haka a takarda. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta ba ta ikon tantance talla kafin a fitar da shi, kuma hukumar ta ce ikon ya haɗa da kafofin sada zumunta. NAFDAC ma tana buƙatar a nemi amincewarta kafin a tallata magani ko abinci. An tsara waɗannan dokoki ne da tunanin allunan kan titi da gidajen rediyo da talabijin, inda talla ɗaya ke ɗaukar makonni ana shirya shi kuma akwai ofishin da za a aika wa takarda. Tallan da ake rubutawa cikin daƙiƙa goma, a ɗora shi a WhatsApp ya ɓace bayan awa 24, babu jami'in da zai gan shi, kuma mafi yawan masu ɗora shi ba su taɓa jin sunan ARCON ba. A wannan kasuwa, mai tantancewa ɗaya tilo da ya rage tsakanin na'ura da mai saye shi ne mai kayan da kansa, idan ya tsaya ya karanta abin da aka rubuta da sunansa kafin ya tura.