Masoyiyar da Berlioz bai bari ta yi magana ba

Mu da muka taso da waƙoƙin soyayya na finafinanmu mun saba a faɗa mana komai da baki: saurayi ya rera, budurwa ta amsa. Shi ya sa lokacin da na fara sauraron kiɗan okestira, wato babbar tawagar makaɗan Turai masu goge da sarewa da ƙaho da tambura, na yi ta mamakin yadda ake cewa wani kiɗan na soyayya ne alhali ba a furta ko kalma ɗaya a cikinsa. Na fara sa shi ne a kunne ina rubuta manhaja, don kiɗa mai baiti yana raba mini hankali. Symphonie fantastique na Hector Berlioz ne ya fara sa ni na ɗage hannu daga kwamfuta na saurara.

A 1827 Berlioz ya je kallon wasan Hamlet a birnin Paris, ya ga Harriet Smithson, 'yar ƙasar Ailan, tana fitowa a matsayin Ophelia. Ya kamu. Ya yi ta aika mata wasiƙu, ba ta kula shi ba. A Disamba 1830 aka fara kaɗa wannan kiɗa mai kashi biyar, tare da takardar da ya rubuta yana bayyana labarin da ke ciki.

Dabararsa ita ce ya ba matar karin kiɗa guda ɗaya, wanda duk inda ka ji shi ka san ita ce ta faɗo wa saurayin a rai. A kashi na farko goge da sarewa ne ke ɗauke da shi, yana hawa yana sauka kamar numfashin mai fargaba. A na biyu ya kutso cikin kiɗan rawa a wajen biki. Kashi na uku ya fi taɓa ni: makiyaya biyu suna kiran juna da bushe-bushe masu amo kusa da na algaita, ɗaya yana nesa. A ƙarshen kashin na farkon ya sake kira, babu amsa sai rugugin tambura kamar hadari. Ban san wata waƙa mai baiti da ta kama kaɗaici haka ba.

Daga nan ne na fara rigima da shi. A kashi na huɗu saurayin ya sha ofiyom, ya yi mafarkin ya kashe ta, ana tafiya da shi wurin fille kai. Karin nata ya fara fitowa a hankali daga bakin kilarinet, kafin ya ƙarasa tawagar gaba ɗaya ta datse shi da bugu guda. A na biyar ta dawo cikin taron mayu, karin ya koma tsalle-tsalle da tsiwa kamar ana yi mata gwalo. Laifinta kawai ba ta amsa wasiƙa ba.

Wani abin da ya ƙara buɗe mini ido shi ne, karin nan ba don ita aka fara ƙirƙirarsa ba. Berlioz ya riga ya yi amfani da shi a wani aikinsa mai suna Herminie a 1828, ya ɗauko ya laƙa mata. Kenan abin da muke ji tsawon kusan minti hamsin hoton da ya zana ne a kansa, kuma duk canjin da karin ke yi canjin yanayinsa ne, ita ba ta motsa ba. Masu karanta littattafan soyayya sun san irin wannan jarumin, wanda kishi da naci da fushinsa marubuciya ke so mu ɗauka a matsayin shaidar ƙauna.

A saurari Romeo da Juliet na Tchaikovsky, wanda ya kammala gyaransa a 1880, a ji bambanci. Can karin soyayyar na mutum biyu ne, abin da ke katse shi kuma faɗan dangi ne daga waje. Ya fi daɗin ji, ban musa ba, amma na fi komawa ga Berlioz, don shi bai ɓoye munin abin da yake ji ba, ko da bai gane muni ba ne.

Harriet ta ji kiɗan a 1832, ta gane da ita ake. Sun yi aure a 1833, ita Faransancinta bai nuna ba, shi ma Ingilishinsa haka. Sun haifi ɗa ɗaya, Louis. Bashi da rashin jituwa suka yi musu yawa, suka raba gida bayan kimanin shekara goma. Ya ci gaba da ɗaukar nauyinta tana fama da shanyewar jiki har ta rasu a 1854.