Maraƙin da ke waige a kabarin Ti

Tun 1764, da Bajamushen nan Winckelmann ya fitar da littafinsa na tarihin fasahar mutanen dā, ake ta maimaita hukunci ɗaya a kan zanen Masar: wai sandararre ne, mutanen cikinsa ba su da rai, masu zanen kuma kwaikwayon juna suka yi ta yi shekara dubbai. Hukunci ne na wanda ya tsaya a kan hoton mai kabari bai sunkuya ya dubi abin da ke gindin ƙafarsa ba. Masu yawon buɗe ido ma ba su taimaka ba. Kowa ɗokinsa Kwarin Sarakuna da kabarin Tutankhamun, wanda ɗaki ɗaya kacal aka yi wa zane a cikinsa, alhali gwanintar tana kaburburan wazirai da magatakarda da masu kula da gandun sarki.

Al'adar yi wa irin waɗannan kaburbura zane ta bunƙasa a Sakkara, kudu da Alƙahira, a zamanin daula ta 5 da ta 6, ta bi ta Beni Hasan, ta kai duwatsun yammacin Luksor a daula ta 18. Tsarin sananne ne: gawa a can ƙarƙashin ƙasa, ɗakin baiko a sama inda dangi ke shiga, bango a yanke layi-layi, mai kabari zanƙalele a gefe yana kallon bayinsa ƙanana suna aiki.

A shiga kabarin Ti, wanda Auguste Mariette ya tono. Ti mai kula da dala da wuraren bautar rana ne na sarakunan daula ta 5, wajen shekara 2400 kafin haihuwar Annabi Isa. A zanen farautar dorina yana tsaye ƙyam cikin kwalekwale, ya ninka mafarauta tsawo, riƙe da sanda, bai ɗaga ko yatsa ba. Gaskiyar Winckelmann iyakarta nan. Mafarautan sun turje suna cilla masu, can ƙasan ruwa dorina ta cafke kada, a saman ciyawar fadama tsuntsaye sun firgita saboda namun dawa na hawa sheƙunansu.

Amma inda na fi daɗewa shi ne mashigin ruwan da garke ke ƙetarewa. Wani makiyayi ya saɓo maraƙi a gadon baya, ya ranƙwafa don nauyi, ya shige gaba. Maraƙin ya murɗa wuya yana waigen uwarsa. Ita kuma, a tsakiyar shanun da ke biye, ta ɗaga kai, baki buɗe, har kana iya jin kukanta. Sauran shanu na tafe a jere, kawunansu daidai wa daida, kuma wannan daidaiton ne ya sa kan uwar da ya fita layi yake fizgar ido. Da ƙa'idar ba ta da tsauri, da wannan ɗan karya ta bai yi tasiri ba. Masassaƙin ya ma san sirrin aikin, wanda duk mai kiwo ya sani: ɗauki ɗa, uwa ta biyo, garke ya bi uwa. Ruwan kuwa layuka ne masu zigizaga, amma ƙafafun shanu da na mutane na bayyane a cikinsa, an sassaƙa su sama-sama don a gane a nutse suke.

Akwai masu cewa duk wannan tsafi ne kawai, an zana shanu don kurwar mamaci ta samu nama a lahira. To, a bar musu. Kurwa saniya take buƙata, me za ta yi da waigen maraƙi?

Ni abin da na yarda da shi shi ne, gwargwadon ƙasƙancin mutum a idon fada, gwargwadon 'yancin da mai zane ya samu a kansa. Hakimi galibi yakan fito matashi, kafaɗu a miƙe, ba tabo. Makiyayi kuwa an bar shi da sanƙonsa da gemunsa da bai ga aska ba. Shekara kusan dubu bayan Ti, a kabarin Menna, magatakardan gonaki a Luksor, abin bai sake ba. Menna na zaune yana duba awon hatsi kamar gunki, ga 'yan mata biyu masu kala sun kaure da faɗa suna jan gashin juna, wata na cire wa 'yar'uwarta ƙaya a ƙafa, wani ya ɓingire da barci a gindin bishiya, salka na rataye a reshe, abokinsa na busa sarewa. Babu mai biyan maƙudan dukiya don a zana ma'aikacinsa yana gyangyaɗi lokacin girbi. Mai zanen ne ya so haka, kuma shi kansa ɗan aiki ne da ya san zafin rana da daɗin inuwa fiye da yadda ya san zaman fada.