Almakashi da Keke: Nazari a kan Ɗinkin Gida a Ƙasar Hausa

Abin da ake nufi da ɗinkin gida a wannan nazari shi ne ɗinkin da mutum yake yi wa kansa da iyalinsa a cikin gida, ba tare da ya buɗe shago ko ya jira ladan wani ba, kuma a ƙasar Hausa ta yau mata ne suka fi rinjaye a cikinsa, musamman matan aure da 'yan matan da suka gama makaranta suna zaune a gaban iyaye. An saba auna wannan aiki da ma'auni guda, wato kuɗin tela da aka huta biya, amma ma'aunin yana ɓoye mafi yawan abin da ke ciki, domin daɗin ɗinkin gida da wahalarsa duka suna rataye ne a kan yanka, wato fitar da sassan tufa daga cikin yadi da almakashi kafin a kai ga keke, kuma yanka shi ne fannin da tarihin tufafin Hausawa bai bar wa mata gadonsa ba.

Kafin zuwan Turawa aikin tufafi a rabe yake tsakanin maza da mata. Mata su ke gurje auduga su fid da angurya, su shiɓe ta da baka, sannan su kaɗa zare da mazari. Maza masaƙa su ke mayar da zaren sawaye, wato siraran yankunan saƙa masu tsawo waɗanda faɗinsu bai wuce 'yan yatsu ko tafin hannu ba. Maza ne kuma su ke harhaɗa sawayen da allura har su zama riga ko wando ko zane. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya bayyana cewa tufafin da ake saƙawa a rina a birnin da kewayensa su ne ƙashin bayan kasuwancinsa, har ana kai su Tambutu da ƙasashen da ke bayan hamada. Abin lura a nan shi ne siffar waɗannan tufafi. Babbar riga, duk da girmanta da aikin zare irin su aska biyu da aska takwas da maɗinkan Zariya suka yi suna a kansu, an gina ta ne da miƙaƙƙun layuka, ƙyalle a gefen ƙyalle, ba ta bin lanƙwasar kafaɗa ko ƙugu. Zanen mace kuwa ɗaura shi ake yi, jiki ne yake ba shi siffa. Ke nan al'adar ta kai maƙura wajen gwanintar allura, amma ba ta da buƙatar yankan da zai bi surar jikin mutum ɗaya tak.

Wannan buƙata ta shigo ne tare da faffaɗan yadin masana'anta da keken ɗinki. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, kuma kamfanonin ciniki na Turawa ne suka yaɗa kekunan a zamanin mulkin mallaka, inda suka fara sauka a hannun maza a rumfunan kasuwa. Da aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, sannan masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, atamfa ta wadata a hannun talaka, riga da zane da ɗankwali suka zama suturar mace ta yau da kullum, daga baya riga da siket da doguwar riga suka shigo. Shi keken ya kutsa cikin gidaje ne sannu a hankali, musamman da aka samu samfurin Butterfly na ƙasar Sin mai sauƙin kuɗi, wanda mace takan saya da kwasar adashi, ko iyaye su haɗa mata shi cikin kayan ɗaki. Cibiyoyin koyar da mata sana'a, waɗanda suka yawaita bayan Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, sun ƙara tura shi lungu da saƙo.

Amfanin farko da mai ɗinkin gida take samu ya shafi awo. Tufar da za ta zauna a jiki sai an auna ƙirji da ƙugu da tsawon hannu da tef, kuma ga matar da ke cikin kulle, wato wadda ba ta fita sai da lalura da izinin miji, ko ma wadda ke fita amma kunya da addini suka hana ta tsayawa namiji ya auna ta, hanyar da ta rage ita ce ta aika yaro wurin tela da tsohuwar riga a matsayin gwaji. Tsohuwar riga kuwa tana ba da labarin jikin bara ne, ba ta san an yi ciki ko an haihu ko ana shayarwa ba. Wadda ta iya ɗinki tana gwada tufar tun ba a gama ba, ta saki nan, ta kama can, ta bar wurin shayar da jariri a inda take so, kuma ba ta yi wa kowa bayanin abin da take jin nauyin faɗa ba. Wannan 'yanci ne na gaske, kuma ba ya shiga lissafin naira.

Na biyu shi ne kuɓuta daga alƙawarin tela, wanda ya zama abin misali a bakin Hausawa. A goman ƙarshe na azumi telan unguwa yakan karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin kekensa da yaransa, saboda kakarsa ke nan ta shekara, sai a wayi gari ranar idi wasu yara suna kuka a ƙofar shago kayansu ko yankawa ba a yi ba. Uwar da ke da keke a ɗaki takan fara kayan Sallar 'ya'yanta tun watan Sha'aban, tana yi tana hutawa tsakanin girki da raino. Ga kuma ragowar yadi, wadda ta daɗe tana haddasa zargi tsakanin tela da mai kaya: a gida kowane ƙyalle yana da makoma, babba ya zama rigar jariri ko hular sanyi, ƙanana a harhaɗa su su zama rigar matashin kai ko abin sauke tukunya. Mafi yawan aikin keken gida ma ba sabon ɗinki ba ne, gyara ne: rage wandon wa ya koma na ƙane, sake kalmasa, wato naɗin bakin tufa, idan yarinya ta ƙara tsawo, sa faci a gwiwar kayan makaranta, canza zif ko roba. A gidan da ke da yara shida ko bakwai, nan ne keke yake mayar da kuɗinsa.

Wahalar tana farawa ne lokacin da aka warware sabon turmi, wato atamfa mai yadi 6, aka shimfiɗa shi a kan tabarma. Masu ɗinkin gida a Turai da Amurka sun daɗe suna dogara da takardun yanka da ake bugawa daidai da girman jiki daban-daban, irin waɗanda Ebenezer Butterick ya fara sayarwa a 1863, sai mai ɗinki ta ɗora takarda a kan yadi ta bi gefenta da almakashi. Irin wannan takarda ba ta yaɗu a kasuwannin garuruwan Hausa ba. Abin da Bahaushiya take yi shi ne ta ninka atamfa biyu, ta ɗora rigar da ta fi yi mata daidai a kai, ta zagaye ta da alli ko guntun sabulu, ta ƙara kamar faɗin yatsa biyu domin ɗinki, sannan ta yanka. Gefe da gefe ba su da wuya, haka ma tsawon riga. Inda ake faɗuwa shi ne ramin hammata da kan hannun da zai shige shi, domin lanƙwasa biyu ne mabambanta da dole tsawonsu ya zo ɗaya, ga shi ɗinkakkiyar riga ba ta kwanciya sosai ta nuna ainihin siffar sassanta. Idan ramin ya yi zurfi, duk sanda mace ta ɗaga hannu sai rigar gaba ɗaya ta bi ta sama. Idan ya yi kaɗan, sai ya shaƙe hammata har ya ɓarke a wanki na biyu. Wuya ma haka yake, yatsa ɗaya da aka ƙara wajen yanka yakan sa rigar ta riƙa zamewa daga kafaɗa, kuma abin da almakashi ya ɗauke keke ba ya mayar da shi.

Ita kanta atamfar tana da nata sharuɗɗan. Zanen da ke jikinta sau da yawa yana da sama da ƙasa, saboda haka wadda ta juya yadi don ta yi tattalin ƙyalle takan tarar da furen hannun dama yana kallon sama, na hagu yana kallon ƙasa, kuma idon mata a gidan biki ba ya tsallake irin wannan. Dole kuma a raba yadi shidan tun kafin a taɓa almakashi, a ware na zane da na ɗankwali, domin kuskure a riga yana cin rabon zane ne, ba a kuma sayar da rabin yadi na irin wannan turmi don cike giɓi. Shadda mai tauri tana riƙe da sawun allura, idan aka warware ɗinki sai layin huji ya zauna. Leshi mai duwatsu yana karya allura, kuma sai an yi masa shafi, wato yadin ciki da ke hana ganin jiki, wanda yake nufin ɗinka riga biyu a cikin ɗaya. Wannan ne ya sa ko matan da suka ƙware sukan kai kayan lefe da anko, wato kaya iri ɗaya da dangi da ƙawaye suke yi domin biki, wurin tela, su bar wa kansu kayan zaman gida. Hukuncin nasu daidai ne, domin hasarar turmi mai tsada ta ninka ladan tela sau da yawa.

Shi ma keke yana da halinsa: zare ya riƙa tsinkewa, ko ɗinki ya riƙa tsallake, ko zaren ƙoshiya ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, kuma mafi yawan lokuta dalilin ƙarami ne, ko allura ta dakushe, ko an sa ta a juye, ko an ɗaure zaren sama ya fi na ƙasa, ko keken yana son mai. Sai dai mai gyara yana kasuwa, kai masa kan keke kuma sai an sami yaro mai ƙarfi da kuɗin mota, don haka ƙaramar matsala takan tsayar da aiki makonni. Rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa keken ƙafa ya ci gaba da mulki, da ciwon baya da na gwiwa da yake jawowa, ga raunin ido ga mai ɗinkin dare da fitila.

Batun araha, wanda shi aka fi ambata, shi ne mafi rauni a cikin hujjojin ɗinkin gida a yau. Masaƙun Kaduna sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta rufe a 2007, kasuwa ta cika da yadi da ɗinkakkun kaya daga Sin, ga gwanjo, wato tufafin da aka sa a ƙasashen waje aka kawo cikin dila, wanda sau da yawa rigar yaro a cikinsa ba ta kai kuɗin yadi da zare da zif ba. Akwai kuma harajin zumunci. Da zarar an san akwai keke a ɗaki, facala da ƙanwar miji da maƙwabciya za su fara aiko da ɗinki, kuma kunya ba ta bari a faɗi lada. A ƙarshe mai keken takan tarar da nata kayan suna jibge ba ta taɓa su ba. Wasu suna fita daga wannan tarko ta hanyar yanke farashi su mayar da abin sana'a, wasu kuwa sukan ce keke ya lalace su rufe shi da zane.

A kan batun yanka ne shirye-shiryen tallafi da ke raba wa mata kekuna bayan horon 'yan makonni suke kuskure. Taka keke da miƙe layi abu ne da ake koya cikin kwanaki, kuma shi ake nunawa ranar yaye ɗalibai, amma yanka yana son watanni na maimaitawa a kan abin da ba a tsoron ɓatawa, kamar tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti ko zanen gado da ya tsufa, a gaban wanda zai duba ya ce a gyara nan. Yaron tela yana shafe shekaru yana guga da sa maɓalli da kallon hannun maigidansa kafin a miƙa masa almakashi. Ita kuwa matar da aka ba keke da takardar shaida ana sa ran ta fara da turmin da mijinta ya sayo mata na Sallah. Ba abin mamaki ba ne da yawa daga irin waɗannan kekuna suke komawa kasuwa da ledarsu.

Wayar hannu ta fara rage wannan giɓi, domin yanzu akwai mata teloli da ke koyar da awo da yanka da harshen Hausa a YouTube da zaurukan WhatsApp, suna nuna yadda ake raba awon ƙirji gida huɗu a zana shi a kan takarda kafin a kusanci yadi, kuma mace tana iya tsayar da bidiyon ta sake kallo sau goma ba tare da ta fita daga ɗakinta ba. Amma ita wayar ce kuma take kawo hotunan sababbin yayi masu tattara da ninki da sassa barkatai, waɗanda suka fi ƙarfin mai koyo nesa ba kusa ba, ga tsadar data, ga shi kuma malamar da ke cikin bidiyo ba ta ganin rigar ɗalibarta balle ta gane cewa kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka.