Faya-fayan Steve Martin: Tsakanin Dariya da Tsirkiya

Idan ɗan kama ya ɗauki waƙar wani babban mawaƙi ya mai da ita ta tuwo da miya, ba wanda ke tsayawa ya auna zaƙin muryarsa, ko da kuwa Allah ya ba shi. Dariya aka zo yi. Wannan ita ce ƙaddarar mai ban dariya a ko'ina, ita ce kuma ta bi Steve Martin, mutumin Amurka, shekara da shekaru.

An haife shi a jihar Texas a 1945, ya girma a Kalifoniya. Tun yana saurayi ya koyi kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da fata a fuska, ɗan'uwan molo da gurmi, wanda asalinsa ya fito daga hannun bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Amma ba da kiɗa duniya ta fara saninsa ba. Sana'arsa ita ce ya tsaya shi kaɗai a dandali ya sa jama'a dariya.

Faifansa na farko, Let's Get Small, ya fito a 1977, na biyu kuma, A Wild and Crazy Guy, a 1978. Kowannensu ya sami lambar yabo ta Grammy a fannin barkwanci, na biyun har ya kai matsayi na 2 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka. A cikinsa ne waƙar King Tut take, wadda ya yi lokacin da ake yawo da kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun a biranen ƙasar. Waƙar ba'a ce ga yadda aka mai da gawar sarkin Masar kayan ciniki, ita ma kuwa ta yi kasuwa ƙwarai.

Duk da haka, wanda ya saurari faya-fayan nan a yau zai ga sun tsufa. Dalili na farko shi ne, rabin wasan Martin na ido ne: farar kwat, kunnuwan zomo, kibiyar ƙarya da ke kamar ta huda masa kai, da rawar da ƙafafunsa ke yi kamar ba da izininsa ba. Faifai ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu. Mai sauraro sai ya ji taro ya fashe da dariya, shi kuwa an bar shi a waje kamar baƙon da ya tarar ana hira. Gani ya kori ji. Dalili na biyu, barkwanci da mamaki yake rayuwa. In an ji shi sau ɗaya, an sha romonsa. Abin da bai tsufa ba a cikinsu shi ne 'yan mintocin da yakan ja banjo. A lokacin yakan yi wa kayan kiɗan ba'a, wai ba ya iya fitar da baƙin ciki. Jama'a na dariya, ba su lura cewa yatsun nan sun ƙware da gaske ba.

A 1981 ya fitar da The Steve Martin Brothers, gefe ɗaya barkwanci, ɗaya gefen kiɗan banjo zalla. Faifan bai karɓu kamar na baya ba. Masu neman dariya sun ga an rage musu mudu, masu son kiɗa kuma ba su nemi abinsu a rumfar ɗan wasa ba. Taura biyu ba ta taunuwa. A shekarar nan ya bar wasan dandali ya koma fim.

Sai bayan shekara 28, a 2009, ya fitar da The Crow, faifansa na farko da kiɗa ne daga farko har ƙarshe, wanda abokinsa na ƙuruciya John McEuen ya shirya. Ya ci Grammy a 2010 a fannin kiɗan bluegrass. Daga nan Rare Bird Alert ya biyo a 2011, sai Love Has Come for You tare da Edie Brickell a 2013. A nan ne banjon da aka ce ba ya kuka ya yi sanyi, ya yi taushi, ya ƙaryata maigidansa.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Martin ba shi ne gwanin gwanaye ba, kuma sunan da ya yi a fim ya buɗe masa ƙofofin da makaɗan da suka fi shi hannu suka daɗe suna ƙwanƙwasawa. Muryarsa ma ba ta waƙa ba ce. Abin yabo shi ne ya san haka. A The Crow ya bar wa irin su Dolly Parton da Vince Gill rerawa, shi ya koma baya da tsirkiyarsa. A 2010 kuma ya kafa kyautar dala 50,000 domin makaɗan banjo. A 2016 Rhiannon Giddens ta same ta, wadda ta ba da himma wajen tuna wa Amurka cewa baƙar fata ne tushen wannan kiɗa.

Saboda haka, in aka ɗora aikinsa a ma'auni, faya-fayan da suka fi kawo masa kuɗi da suna su ne suka fi saurin shuɗewa, waɗanda ya yi bayan tafi ya lafa kuwa su ne ake iya komawa a sake ji. Baiwar da jama'a suka fi yi wa tafi ba lalle ita ce mafi girma da aka danƙa wa mutum ba. Ɗayar, wadda ba wanda ya tambaye shi, bai binne ta ba. Ya ci gaba da gyara mata tsirkiya a ɗaka har ranarta ta zo.