Gyaran jimla a littattafan shirin jarrabawar Amurka: ƴan tsokaci

1. Ɗalibbanmu masu neman ci gaba da karatu a Amurka sukan kawo mana littattafan shirin jarrabawar GMAT, akasari tsofaffi, don mu duba. Babin da ya fi cin lokacinsu shi ne na gyaran jimla: a ba da jimla, a ja layi ƙarƙashin wani sashe nata, a jero amsa biyar, ta farko maimaicin sashen ce. Mu fara da sanar da su cewa sabon tsarin GMAT na 2023 ya cire wannan babi, kuma an daina tsohon tsarin a farkon 2024. Amma jarrabawar SAT tana tambaya har yanzu a kan aya da waƙafi, saboda haka batun bai mutu ba.

2. Littattafan suna da amfani guda. Suna horar da ido ya nemo aikau ko da ya yi nisa da aikatau, ya kuma duba ko wakilin suna ya dace da sunan da yake wakilta. Wanda ya saba da dikte, inda ake rubuta abin da kunne ya ji, zai ƙaru da wannan.

3. Aibinsu shi ne ba sa bambanta dokar nahawu da al'adar rubutu. A wurinsu, haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kaɗai kuskure ne. To, Faransanci ya yarda da wannan jeri, Hausa ma haka: «Ruwa ya sauka, manoma sun fita.» Ɗalibin da ya yi shekara 13 ana yaba masa irin wannan rubutu, yau an ce masa laifi ne, ba tare da an gaya masa cewa al'adar masu buga littafi da Ingilishi ce ba. Haka kuma suna hana buɗe jimla da sashen da mai aikinsa ba shi ne aikau ba. Amma Bahaushe ya ce «Da shiga ɗaki, fitila ta mutu», ba wanda zai ɗauka fitilar ce ta shiga.

4. Ko a cikin Ingilishi dokar tana motsi. Wakilin suna na jam'i da ake sa wa mutum ɗaya, wanda tsofaffin littattafan ke sokewa, kamfanin dillancin labarai na AP ya amince da shi a wasu wurare tun 2017.

5. A ganinmu, ɗalibi ya koyi waɗannan ƙa'idoji yadda baƙo ke koyon gaisuwar gari, don ya samu shiga. Mu kuwa masu tsara jarrabawar Hausa, kada mu ari wannan siga. Zaɓen amsa ɗaya cikin biyar yana auna gane tarko. Rubuta sakin layi ne ke nuna wanda ya iya jimla.